Autanmu da Babin Rafkanuwa

An haifi Autanmu a Birnin Damagaram cikin daminar 1985, shekarar da ruwa ya dawo bayan yunwar nan da mutanen Nijar suka sa wa suna El Buhari. Bakwaini ne, ɗan mitsitsi, har Kaka ta riƙa naɗe shi cikin auduga tana ajiye kaskon wuta kusa da shi. Babu wanda ya zaci zai yi rai. Da Allah ya raya shi kuwa, sai ya zama duk gidan babu mai motsi irin nasa. Na girme shi da shekara bakwai, saboda haka tun da ya fara tafiya ni aka ɗora wa tsaronsa. Abin da zan faɗa a nan, a gaban idona aka yi shi.

Gidanmu yana cikin lungunan da ke tsakanin fadar Sarki da ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita a tsakiyar ƙarni na 19. Duk wanda ya san Birni ya san manyan duwatsun da suka ratsa tsakanin gidaje, wasu a kan wasu. Kowane yaro yana hawansu, amma Auta tun yana shekara huɗu yake kaiwa ƙololuwa, ya tsaya yana ƙwala wa Inna kira ta fito ta gan shi. Ba ya cin tuwo a zaune. Zai kai loma, ya zagaya tsakar gida, ya ja kunnen akuya, ya dawo ya kai wata. In manya na magana sai ya faɗo ciki tun ba su dire ba. Takalminsa ba ya sati a ƙafarsa.

Wata Juma'a Inna ta ba shi dala goma ya sayo daddawa wajen wata tsohuwa a lungu na biyu. Yana fita ya ci karo da dogarai cikin ja da tsanwa, ga masu algaita, an rako Sarki daga masallaci. Ya bi su har ƙofar fada. Daga can ya bi wani mai doki har Zango. Ni na samo shi gab da magariba a rumfar wani baduku, kuɗin na damƙe a hannunsa sun jiƙe da zufa. Na ce, "Auta, ina daddawar?" Sai ya buɗe tafin hannunsa ya duba, idonsa ya kawo ruwa. Bai kashe ko dala ba, bai kuma shirya ƙarya ba. Aiken ne ya fice masa daga kai ɗungurungum. Ya sha duka a daren nan, ya rantse ba zai ƙara ba, kuma na tabbata har cikin zuciyarsa ya rantse. Ba a rufa kwana uku ba aka sake.

Kowa a unguwa yana da nasa bayani. Maza suka ce ƙiriniya ce da rashin ji, Inna ta shagwaɓa shi don shi ne auta. Mata suka ce lokacin da take da cikinsa ta ratsa ta gindin duwatsu da tsakar rana, mutanen ɓoye suka shafe shi. Wasu suka ce baki ne, don yaron yana da kaifin kai. Ya sha rubutu, an turara shi, an rataya masa laya a wuya, layar ma ya yar da ita a wajen wasa.

A 1991 aka sa shi makarantar allo. Da kunne babu mai kamo shi. Ko yana bayan ɗaki yana bin ƙadangare, in aka biya wa wani yaro sura sai ka ji ta a bakinsa da dare. Amma ya rungumi allo ya bi babbaƙu da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya gagara. Idonsa yana kan allo, sai jaki ya yi kuka a waje, shi ke nan an rasa shi. Malamin makarantar mutum ne mai dorina, kuma da ita ya san ana gyara yaro. Shekara guda bayan haka aka kai shi lakwal, ajin da ya haura yara saba'in da mushe guda. Can ma haka. Yau bik ya ɓace, gobe kaye ya jiƙe a kwata. Ya san amsa amma sai ya faɗe ta kafin a ba shi izini, a sa shi durƙuso a kan tsakuwa. Aka maimaita masa aji, daga baya aka sallame shi tun bai kai ga jarrabawar satifika ba.

Abin da ya fi jawo masa baƙin jini shi ne rumfar badukun nan. Damagaram gari ne na majema da dukawa tun zamanin da ayarin raƙuma ke ɗaukar jar fata zuwa arewa. Auta, wanda ba ya iya minti biyar a kan tabarma, in ya shiga rumfar nan sai ya zauna daga hantsi har la'asar yana kallon yadda ake fere fata, ana huda ta da basilla, ana saƙa zare mai launi. Ko kiran abinci ba ya ji. Kawunmu ya riƙe wannan hujja. "Kun gani ko? Inda yake so yana zama. Da gangan yake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." A 1997, Auta na da shekara goma sha biyu, Kawu ya kawo shawarar a kai shi wani gidan mari a tsallaken iyaka, inda ake sa wa kangararrun yara sasari a ƙafa har su yi laushi. Baba ya gaji, ya kusa amincewa. Inna tana bayan ƙyaure tana kuka ba sauti. Kaka ce ta daki ƙasa da sandarta ta ce ba inda za a kai shi sai an fara kai shi wajen abokin marigayi mijinta.

Wannan Malam tsoho ne mai karantar da littattafai a zaurensa cikin Birni, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya har Risala da Muwaɗɗa. Ba ya karɓar ƙananan yara. Don darajar Kaka ya ce a kawo shi. Ni da Baba muka raka shi bayan la'asar. Malam bai yi masa faɗa ba, bai ma yi masa magana ba da farko. Ya ci gaba da ba wani magidanci karatu, yana satar kallon yaron. Auta ya taɓa gafaka, ya leƙa tulu, ya ƙirga azarar rufi, ya miƙe, ya zauna. Can Malam ya ce, "Kai ɗan nan, ina ka tsaya?" Auta ya faɗa. "To, karanta mini. In tsayuwa ta fi maka, tsaya." Auta ya miƙe yana lilo da jikinsa, ya zubo surori a jere, har da waɗanda ba a taɓa rubuta masa a allo ba.

Malam ya juya wajen Baba. "Malam, ɗanka ba kangararre ba ne. Kangararre yana jin magana ya ƙi. Wannan yana ji, ya yarda, ya tashi zai yi, sai wani abu ya fizge shi a hanya. In ka doke shi, ka doki wanda ya riga ya yi nadama." Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, ko aike ba ya kaiwa." Sai Malam ya ba shi labarin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, hidima shekara goma. Wata rana Annabi ya aike shi, ya biya ta wajen yara masu wasa a kasuwa ya tsaya. Annabi ya biyo sawunsa, ya kama shi ta ƙeya yana dariya, ya kira shi da sunan lallashi, ya tambaye shi ko ya je aiken. Anas da kansa ya shaida cewa cikin shekarun nan goma ba a taɓa yi masa tsaki ba. Malam ya ce, "Wannan yana cikin Muslim. Muna karanta shi, mu share hawaye, mu koma gida mu ɗauki bulala."

Auta ya zauna hannun Malam shekara shida, kuma ni nake kai shi ina ɗaukar nawa karatun. Na ga abin da tsohon nan ya yi dalla-dalla. Ba ya cika masa allo. Aya biyu ko uku zai rubuta, in ya biya ya wanke, a ƙara masa. Tsakanin ƙari da ƙari sai ya tashe shi aiki: ɗebo ruwan alwala, fiƙe alƙalami, dama tawada da ƙaro, tattaro karan wutar karatun dare. Ba ya haɗa masa aike biyu, kuma sai ya sa shi ya maimaita aiken da bakinsa kafin ya fita. Wurin zamansa kusa da gwiwar Malam ne, fuska ga bango, baya ga ƙofa. Da wani ɗalibi ya ce ana fifita yaron, Malam ya kawo hadisin da ke cikin Muwaɗɗa na rigar nan mai zane da Abu Jahmi ya ba Annabi kyauta. Annabi ya yi salla da ita, zanen ya ja idonsa, da ya sallame ya ce a mayar wa mai ita. Malam ya ce, "Fiyayyen halitta ya kawar da abin da ke jan ido daga gabansa. Ni wane ne da zan zaunar da wannan yaro yana kallon titi, sannan in ce ya natsu?" Da hantsi kuma shi da kansa ya nema masa izinin Baba ya riƙa zuwa rumfar baduku koyon sana'a.

Da na shiga aikin koyarwa na fahimci cewa Malam ba baƙon abu ya ƙirƙiro ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, inda ya taƙaita bulala ƙwarai, ya kuma hana malami duka cikin fushi. Ibn Khaldun ya ware fasali a Muƙaddima yana bayyana yadda tsanantawa ke kashe zuciyar ɗalibi, ta koya masa ƙarya da ha'inci don tsoron hannu. Duka biyun malaman mazhabarmu ne.

Jarrabawa mafi nauyi ta zo bayan ya balaga, wajen shekara ta 2000. Lokacin bazara ne, ruwa ya yi wuya kamar yadda ya saba a Damagaram, muna kwana a layin famfo da bidunanmu. Cikin dare ya ce mini, "Yaya, ni fa sallata ba ta karɓuwa." Na ce wa ya gaya masa. Ya ce babu, shi ya sani. Yana kabbara sai ya tsinci kansa a rumfa yana yanka fata, ko a filin ƙwallo. Ya farga bai san raka'a ta nawa yake ba, ya yanke, ya sake. Wani lokaci yana fama da azahar har a kira la'asar. Ya ji mai wa'azi ya ce sallar da babu halartowar zuciya jifa ake yi da ita a fuskar mai ita, sai ya yanke ƙauna. Ya ce ya kwana biyu ba ya yi, in an kira salla sai ya fita kamar zai je wani masallaci, ya zauna bayan dutse har a idar. Yana faɗa jikinsa na rawa. Yaron da ya jure dorina bai jure tunanin cewa Allah ma ya ƙi shi ba.

Da asuba na kai shi wajen Malam. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a miƙo masa Risala ta Ibn Abi Zaid. Kafin ya buɗe ya tambayi Auta, "Wa ya fi Annabi tsoron Allah?" Auta ya ce babu. "To, ya taɓa sallamewa a raka'a biyu cikin salla mai huɗu, sai da wani sahabi da ake kira Zul Yadaini ya tuna masa. Ya miƙe ya cika, ya yi sujada biyu bayan sallama. Sayyidina Umar ya faɗa da bakinsa cewa yakan shirya runduna a zuciyarsa yana cikin salla. Ƙabli da ba'adi da kake ji, don wa aka ajiye su? Don mala'iku?"

Sannan ya warware masa hukuncin sannu a hankali, yana sa shi maimaitawa. Mutumin da shakka ke zo wa jefi-jefi, in bai san uku ya yi ko huɗu ba, sai ya ɗauki uku, ya ƙara ɗaya, ya yi ba'adi. Amma wanda shakka ta aure shi, wato take zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a rana, malaman Malikiyya sun ba shi hukunci nasa daban. Shi ba ya bin shakkar. Ya ɗauka ya cika, ya sallame, ya yi ba'adi, ya tashi. Wanda kuma mantuwa ta gaske ta yawaita gare shi, sai ya gyara abin da ya tabbata ya bari, sujadar rafkanuwa ma an ɗauke masa. "Yanke salla da kake yi kana sakewa, shi ne kuskuren. Daga yau ka daina." Ya ƙara masa da cewa ya lazimci jam'i, sahun gaba, domin liman yana ɗauke wa mamu rafkanuwar da ba ta taɓa farilla ba. Game da halartowar zuciya kuwa, ya ce masa salla ta inganta, lada kuma tana bin gwargwadon abin da aka halarto da gwargwadon wahalar da aka sha. Ya tuna masa hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, cewa mai karatun Alƙur'ani yana tuntuɓe saboda yana yi masa wuya, lada biyu gare shi. "Duk sanda zuciyarka ta tafi ka jawo ta, wannan jawowar ibada ce. Wani sau ɗaya zai jawo a salla, kai sau ashirin. Ubangijin da ya halicce ka haka ya san lissafinsa."

Tun daga ranar ban ƙara jin Auta ya bar salla ba, har a shekarun da ya bar wasu abubuwan. Domin ba nan wahala ta ƙare ba. Malam ya rasu a 2003. Yunwar 2005 ta kashe kasuwar fata, wanda bai ci ba ba ya sayen jaka. Auta ya karɓi moto ya shiga kabu-kabu. Gudu ya dace da jininsa, haƙurin hanya bai dace ba. A fadar da yake shan shayi aka koya masa shan ƙwayar tramol, aka ce tana kashe gajiya. Ya faɗi da moto a hanyar Mirya ya karya ƙafa, ya yi watanni a kwance. Cikin yaran da aka sallama daga lakwal tare da shi, akwai waɗanda suka ƙare a ƙungiyoyin matasan da ake kira fale, irin waɗanda Aicha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021 a kan unguwar Kara-Kara. Talauci da rashin aiki ne suka fi tura samari can, amma na san wasu da ƙiriniyar yarinta ce ta fara raba su da aji da allo, ba su kuma sami tsohon da zai zaunar da su kusa da gwiwarsa ba. Auta ya tashi daga jinya ya rabu da ƙwaya, ya koma rumfa, ya yi aure a 2009.

Ɗansa na fari ya zo a 2011, shekarar da aka buɗe matatar man fetur a arewacin garin. Kafin yaron ya shekara biyar Inna ta ce, "Wannan ubansa ne ya dawo." Da lakwal ta fara aiko da ƙara, Auta ya ce shi ba zai ɗaga wa yaron hannu ba, amma yana so ya san mene ne wannan abu. Masu duba irin wannan matsala ga yara ba su da yawa a ƙasarmu, Yamai kuma ta kai kilomita 900, Kano ba ta kai 250 ba. A farkon 2019 muka bi ta Matamai da Daura zuwa Kano, ni da shi da yaron.

Likitar da ta gan mu ba ta yi gaggawa ba. Ta sa aka duba kunnen yaron da idonsa da jininsa. Ta tambayi barcinsa da cinsa, da ko ya taɓa zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da ko yakan ɗauke na 'yan daƙiƙu yana zuru, domin akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro. Ta ce yunwa, ƙarancin jini, rashin ji sosai da tashin hankali a gida duk suna iya hana yaro natsuwa. Ta ba mu takardun tambayoyi mu kai wa mushensa da malaminsa na allo. Sai a komawarmu ta faɗi sunan abin: matsalar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitocin Najeriya ke kira ADHD, na ƙasashen Faransanci kuma TDAH. Ba kowane mai ƙiriniya ake sa wa wannan suna ba. Sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun ɗore aƙalla wata shida, an gan su a wuri fiye da ɗaya, kuma suna cutar da karatun yaro ko zamansa da mutane.

Ta ce kimanin yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, kuma da yawa suna girma da ita. Ba wayar hannu ta kawo ta ba: wani likita ɗan Sikotland, Alexander Crichton, ya siffanta irinta tun 1798, George Still kuma ya yi lacca a kanta a Landan a 1902. Gado ne ke da kaso mafi girma, kusan kashi uku cikin huɗu, haihuwar bakwaini ma tana ƙara haɗarin. Wani bincike na 2007 a Amurka ya nuna cewa ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai riƙe niyya da taka wa mutum birki, yana jinkirin nuna da kusan shekara uku ga irin waɗannan yara. Na tambaye ta batun rumfar baduku, hujjar Kawu. Ta ce wannan sananne ne: hankalin yana nan, linzaminsa ne ba ya hannun yaron, abin da ya burge shi sai ya haɗiye shi gaba ɗaya, abin da bai burge shi ba ko yana so ba ya iya tsayawa a kai. Sai ta dubi Auta, wanda tun shigarmu yake kaɗa ƙafa yana juya makulli, ta ce, "Malam, kai fa yaya yarintarka ta kasance?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Likita, kaina kamar Kasuwar Dole ne ranar Alhamis. Kowa na kira, kuma duk ina jin su." Shekararsa talatin da uku a lokacin, kuma ranar ce ta farko da wani ya tambaye shi.

Shawarwarin da ta rubuta mana, ina karantawa ina ganin zauren Birni: a gajarta aiki, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a zaunar da shi gaba nesa da ƙofa, a bar shi ya motsa tsakanin darasi, a yaba masa nan take in ya yi daidai, a tsayar masa da lokutan barci da ci, a daina duka. Abin da ta ƙara a kan na Malam shi ne binciken jiki da batun magani. Akwai metilfenidat, wanda aka fi sani da Ritalin, yana taimaka wa yara da yawa, amma sai da takardar ƙwararren likita da sa ido a kan ci da barci da bugun zuciya. Auta ya tsorata saboda abin da ya gani a tramol. Ta bambance masa maganin da likita ya auna da ƙwayar bakin tasha, ta kuma ce rashin kula da matsalar ne ya fi jefa matasa cikin shaye-shaye da haɗarin hanya. Ta ce a fara da gyaran gida da aji tukuna. A watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta, komawa ta yi wuya, muka riƙe abin da ke hannunmu.

A watan Satumba na shekarar muka ji a rediyo 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa yara ne, wasu da sasari a ƙafa. A Oktoba aka fasa wani a Daura. Inna, wadda tsufa ya kama, ta sa aka kira mata Auta, ta riƙe hannunsa tana yi wa Kaka da Malam addu'a.

Kada a ɗauka Malam ya sauke wa Auta nauyi. Sau da yawa yakan ce masa alƙalami an ɗauke shi ne daga mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe, shi kuwa da hankalinsa, har ya fi na wasu. Mantuwa tana ɗauke zunubi, ba ta ɗauke haƙƙin mutane. Wata shekara gab da hawan salla Auta ya manta da aikin kayan dokin wani mutum da ya riga ya ba da kuɗi. Ya mayar da kuɗin, ya je har gida ya ba da haƙuri, bai ce halittarsa ce ba. Yau matarsa ce ke riƙe kuɗin rumfa da littafin masu aiki, wayarsa cike take da ƙararrawar tuni, kuma salloli biyar a jam'i su ne suke yanka masa yini gida-gida: abin da zai gama kafin azahar, abin da zai kai kafin la'asar. Har yanzu yana mantuwa, har yanzu yana katse mutane a magana ya dawo ya nemi afuwa. Da haka yake ciyar da iyalinsa, yara uku kuma suna koyon dukanci a hannunsa.

A ajina na yara tamanin, lissafi ya nuna akwai kamar huɗu masu wannan hali. Mazan ba sa ɓoyuwa. Matan ne ake tsallakewa, domin da yawansu ba sa tsalle-tsalle, suna zaune shiru hankali ya tafi, a gida a ce musu sakarkaru, a cire su daga makaranta. Iyayensu ba za su je Kano ba, amma kowannensu yana zuwa masallaci. Shi ya sa roƙona yake ga malamanmu na Damagaram, masu zaure da masu mumbari. Babu shekarar da ba a karanta babin rafkanuwa a garin nan, babu daren da ba a karanta ƙarshen Baƙara, inda aka sanar da mu cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, aka kuma koya mana neman afuwa a kan mantuwa da kuskure. Shari'ar da ta yi wa baligi mai yawan shakka hukunci na musamman a cikin salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, ba za ta yarda a ɗaure ɗan shekara goma don ya manta daddawa ba. A faɗa wa iyaye wannan a wa'azi da harshen da suke ji. A ce musu su yi addu'a, su kai yaro a duba shi, domin neman magani umarnin Annabi ne, ba ya warware tawakkali. A ce wa malamin allo ya rage ayoyi kafin ya ƙara bulala.

Ɗan Auta yanzu ya wuce ajin da aka sallami ubansa, yana kolej, haddarsa kuma tana tafiya aya uku-uku. Allah ya jiƙan Kaka, ya jiƙan Malam, ya yawaita mana irinsu a zaurukanmu da azuzuwanmu.